Jefa Kwandala da Rabon Nama a Ma'aunin Lissafi

Kafin a take wasan ƙwallon ƙafa, alƙalin wasa kan jefa kwandala sama, ba kuwa mai musu da abin da ta nuna, domin an ɗauka fuskarta da bayanta rabonsu ɗaya ne. To, ashe da ɗan saura. A shekarar 2007, Persi Diaconis na Jami'ar Stanford ta Amurka da abokan aikinsa biyu suka nuna cewa kwandala takan yi tangaɗi a iska, har gefen da ke sama lokacin jifa ya fi daɗewa yana kallon sama. A 2023 wasu masu bincike suka yi jifa 350,757, suka tarar wannan gefen ne ke fitowa sau 50.8 cikin 100.

Shin karkatacciyar kwandala za ta iya yanke hukuncin adalci? Za ta iya, kuma John von Neumann ya bayyana yadda za a yi tun 1951. A jefa ta sau biyu, kowane jifa a fara da gefe ɗaya a sama. In fuska ta fito sannan baya, na farko ya ci. In baya ne sannan fuska, na biyu ya ci. In gefe ɗaya ya maimaitu, a sake. Mai karatu ya ɗauka fuska na fitowa sau 60 cikin 100. Damar fuska sannan baya ita ce 0.6 sau 0.4, wato 0.24, ta baya sannan fuska 0.4 sau 0.6, ita ma 0.24. Ba a gyara kwandalar ba ko kaɗan, tsarin jifan ne ya haɗiye karkatarta.

Rabon abinci ya fi wuya, domin kwandala ba ta da kwaɗayi, mutane kuwa suna da shi, kuma kowa da irin nasa. Wanda ya taɓa tsayawa wurin watanda ya sani: kashi biyu kan zo daidai a sikeli, amma ɗaya tsoka ne, ɗaya ƙashi da kitse. Tsakanin mutum biyu maganin tsoho ne, ɗaya ya raba, ɗaya ya zaɓa. Mai rabawa ba shi da mafita sai ya daidaita, tun da ragowar ce tasa. A ganina kyan dabarar shi ne ba ta buƙatar kowa ya zama mutumin kirki.

In an fi biyu fa? A 1948 Hugo Steinhaus, masanin lissafi ɗan ƙasar Polan, ya wallafa hanyar abokansa Banach da Knaster. Na farko ya ware abin da yake gani shi ne rabon mutum ɗaya. Sauran su duba bi da bi; duk wanda ya ga ya yi yawa, ya rage. Wanda ya rage daga ƙarshe shi zai ɗauka, in ba wanda ya taɓa, na farkon ya ɗauki abinsa, sai a sake da waɗanda suka saura.

Sai dai wannan tana tabbatar wa kowa rabonsa ne kawai a idonsa, ba ta hana shi ganin na wani ya fi nasa. Hanyar da ke kawar da wannan ƙyashi ga kowane adadin mutane, cikin matakai masu iyaka, ba a same ta ba sai 2016, a hannun Haris Aziz da Simon Mackenzie a Ostiraliya. Yawan yankan da take iya buƙata kuwa ya wuce abin da wuƙar mahauci za ta yi kafin naman ya lalace.