Ɗalibi a Wad Madani: ƙafa, raksha da hafla

Ɗan'uwa mai shirin karatu a Jami'ar Jazira, kafin komai ka tambayi waɗanda ke can halin da hanya take ciki. Yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya ci Wad Madani, sai a Janairun 2025 sojoji suka karɓe ta. Saboda shingayen bincike, kada fasfo da katin makaranta su bar aljihunka.

Cikin gari raksha ce, keken nan namu mai ƙafa uku. Yi ciniki kafin ka hau, domin da direba ya ji Larabcin littafi a bakinka, kuɗi ya tashi. Hafla, wato ƙaramar bas, ta fi araha. Yaron mota, kumsari, zai ƙyasta maka yatsa ya karɓi kuɗi, kai ma da ƙyasta yatsa za ka tsayar da mota. Tanadi canji, kuma ka tashi wa tsohuwa.

Tafiyar ƙafa sai da sassafe ko bayan la'asar. Ranar Mayu ba ta wasa.

Ran hutu, in hanya lafiya, shiga motar Sinnar ka ƙarasa Mai Wurno, garin zuriyar Sarkin Musulmi Attahiru. Hausa za ta kai ka har masauki. Ka dai sauka kafin magariba.