Darasi na Bakwai: Yaƙar Ciyawar Ruwa da Ƙwari

Wanda ya taso a Ƙanƙara ko Faskari ko Sabuwa ya san kainuwa, wadda kan lulluɓe kududdufi bayan damina, har Hausawa ke mata kirari da dashen Allah. To, akwai wata baƙuwar ciyawa mai shuɗin fure da ke yawo bisa ruwa kamar ta, amma ta fi ta ɓarna ƙwarai. Masana na kiran ta Eichhornia crassipes. Asalinta Kudancin Amurka ne, kuma a shekarar 1984 ta mamaye ruwayen Legas, daga baya ta bayyana a tafkin Kainji. Cikin mako biyu takan ninka yawanta, ta toshe hanyar kwalekwale, ta hana su, ta zama maɓoyar sauro.

Dalilin wannan bunƙasa shi ne ta baro maƙiyanta a gida. Saboda haka masana suka koma mahaifarta neman ƙwarin da ke cin ta. Daga cikinsu akwai wani malam-buɗe-littafin dare mai suna Niphograpta albiguttalis, wanda aka saki a jihar Fulorida ta Amurka a 1977. Tsutsarsa ce ke aikin. Macen kan yi ƙwai a jikin ganye, tsutsar ta ƙyanƙyashe ta huda kututturen ganyen tana ci daga ciki, ruwa ya shiga, ganyen ya ruɓe ya nutse.

Sai dai tsutsar tana da tsirfa. Ta fi son matashiyar ciyawa mai taushi, tsohuwar da ta yi kauri kuwa ba ta cika kula ta ba. Haka nan ba ko'ina ƙwaron ke kama ƙasa ba: an sake shi a Jamhuriyar Benin a 1993 bai zauna ba. Wasu ƙwari masu dogon baki, Neochetina, su suka yi rawar gani a can, da kuma tafkin Biktoriya a ƙarshen shekarun 1990.

Ya kamata malami ya jaddada wa ɗalibai cewa ba a sakin baƙon ƙwaro da ka. Sai an tsare shi tsawon lokaci ana gwada shi da shinkafa da masara da sauran amfanin gona, an tabbatar ya gwammace yunwa da ya taɓa su.

Auna Fahimta
1. Me ya sa wannan ciyawa ta fi ɓarna a Nijeriya fiye da mahaifarta?
2. Wace asara manomin fadama zai yi idan aka saki ƙwaro ba gwaji?