Yadda Mai Ƙaramin Ƙarfi Ke Zaɓen Bindigarsa ta Farko Don Farautar Barewa a Amurka

An shirya wannan darasi domin hakimai da malamansu, gama maganar bindiga da farauta ba ta rasa zuwa gabansu, kuma sanin yadda mutanen wata ƙasa ke tafiyad da al'amari yana ƙara wa mai mulki basira. A Amurka farautar barewa babbar al'ada ce ta talakawa, musamman manoma da ma'aikata. Ko wace kaka akwai samari masu fita karo na farko, yawancinsu kuwa kuɗinsu ƙalilan ne. Shawarar da gwanayen maharba ke ba su ita ce kada su zuba abin hannunsu duka a kan bindiga ita kaɗai, su raba shi uku, watau bindiga marar ado, da madubin saiti mai aminci, da harsashin koyo mai yawa. Dalilan wannan shawara su ne a ka bayyana a ƙasa.

Dabbar da a ke magana a kanta

Ana ce mata barewa ne don sauƙin magana, amma ba irin tamu ba ce. Ƙahon barewarmu yana nan har ta mutu. Ita kuwa ta Amurka namiji ne kaɗai ke da ƙaho, ƙahon mai rassa ne kamar itace, yana faɗuwa ko wace shekara wani ya tsiro. Iri biyu a ka fi farauta. Akwai mai farar wutsiya, wadda ta fi yawa a dazuzzuka da gonakin gabas da na tsakiya, babban namijinta a jihohin arewa ya kan kai laba 150 zuwa 300. Akwai kuma mai kunnen alfadari, wadda ke zaune a duwatsu da filayen yamma.

Wajen shekarar 1900 mai farar wutsiya ta kusa ƙarewa saboda masu kashe ta don sayad da nama da fata, har a ka ƙiyasta saura ba su wuce rabin miliyan ba. Sai jihohi su ka tsananta dokar lokacin farauta da yawan abin da mutum zai kashe. A 1937 a ka kafa Dokar Pittman da Robertson, wadda ta sa harajin bindigogi da harsashi ya riƙa zuwa ga jihohi don kiyaye namun daji. Harajin nan a kan dogayen bindigogi da harsashi kashi 11 ne cikin ɗari. Yanzu ana ƙiyasta yawan mai farar wutsiya ya kai kimanin miliyan 30.

Doka kafin kasuwa

Mai hankali ya kan fara karanta dokar jiharsa tun bai je kanti ba, domin ko wace jiha da nata tsarin. Bisa dokar tarayya ta 1968, sai mutum ya cika shekara 18 zai sayi doguwar bindiga a wurin ɗan kasuwa mai lasin, waɗansu jihohi ma sun ɗaga zuwa 21. Tun 1998 a kan binciki sunan mai saye a rajistar hukuma kafin a miƙa masa bindigar. Har wa yau, a yawancin jihohi sabon maharbi ba ya samun lasin farauta sai ya yi ajin koyon kiyaye haɗari. Jihar Niyok ce ta fara tilasta wannan a 1949.

Akwai jihohin da ƙasarsu shimfiɗaɗɗiya ce, gidaje kuma kusa da juna, don haka su ka hana harsashi mai nisan tafiya. Jihar Ohayo misali ce. Sai a 2014 ta yarda a harbi barewa da raifil, shi ma da sharaɗin kwanson harsashin ya zama miƙaƙƙe, ba mai wuya kamar kwalba ba. Mutumin Ohayo da ya sayi bindiga mai cin harsashi mai wuya ya yi asarar kuɗinsa, ko da ta fi ko wace kyau. Saboda irin waɗannan jihohi ne kamfanin Winchester ya fito da harsashin .350 Legend a 2019.

A zaɓi harsashi tukuna

Raifil ita ce bindigar da a ka yi wa murɗaɗɗen zane a cikin bututunta. Zanen nan shi ke sa ƙwayar harsashi ta fita tana juyawa kamar mazari, ta tafi sak ba ta karkace ba. Ko wace raifil harsashi iri ɗaya tak ta ke ci, an kuwa buga sunansa a jikin bututun. Saboda haka zaɓen harsashi shi ne zaɓen farko. Lambar da ke gaban sunan tana nuna faɗin ƙwayar, watau .30 kashi 30 ne cikin ɗari na inci. Ga waɗanda su ka fi shahara:

1. .30-30, na 1895. Shurinsa da sauƙi, ya isa aiki a daji mai duhuwa har kimanin yadi 150.
2. .30-06, wanda sojan Amurka su ka ɗauka a 1906. Yana da ƙarfi ƙwarai, shurinsa ma haka.
3. .270 Winchester, na 1925. Yana tafiya nesa bai sunkuya sosai ba, shi ya sa mutanen yamma ke son sa.
4. .308 Winchester, na 1952. Ƙarfinsa ya kusa na .30-06, ana kuwa samunsa a kusan ko wane kantin kayan farauta.
5. .243 Winchester, na 1955. Shurinsa kimanin rabin na .30-06 ne idan nauyin bindigogin ɗaya ne, don haka a kan fara wa yara da masu ƙaramin jiki da shi.
6. 6.5 Creedmoor, wanda kamfanin Hornady ya fito da shi a 2007. Lambarsa milimita ce, shurinsa matsakaici.

Ko wanne daga cikin shidan nan yana kayad da barewa idan ya sami wurin da ya kamata. Abin lura biyu ne. Na farko shi ne shuri, watau dukan da bindiga ke yi wa kafaɗa in ta tashi. Wanda bindigarsa ke ba shi wuya ya kan fara zabura ko ya runtse ido tun kunama ba ta gama jawuwa ba, sai harbin ya kuskure, wannan hali kuwa in ya shiga jiki fid da shi da wuya. Na biyu shi ne yawan harsashin a kasuwa. Wanda ke ko ina ya fi araha, baƙon iri kuwa ga tsada ga wuyar samu.

Kada a ruɗu da kamannin lamba. Faɗin ƙwayar .308 da na .30-06 ɗaya ne, amma kwansonsu ya bambanta, ba a musanya su. Tilas ne kuma ƙwayar ta zama irin mai taushin kai wadda ke buɗewa in ta shiga jiki. Irin ta soja mai rufin ƙarfe duka ta kan ratsa dabba ta wuce, dabbar ta gudu da rauni, shi ya sa jihohi da yawa su ka hana farautar barewa da ita.

Irin bindigar

Iri biyu su ka fi dacewa da mai ƙaramin ƙarfi. Ta farko ita ce mai sakata. Bayan ko wane harbi a kan ɗaga sakatar, a jawo ta baya kwanso ya fita, a tura ta gaba sabon harsashi ya shiga. Yawancin na yau tsarin bindigar Mauser ta Jamus ta 1898 su ka gada. Kayan cikinta kaɗan ne, ba ta cika lalacewa ba, wankinta da sauƙi, kuma ta fi sauran daidaita harbi. Daga wajen 2010 kamfanoni su ka shiga tseren yin masu araha, kamar Savage Axis da Ruger American da Mossberg Patriot, waɗanda a 'yan shekarun nan a kan samu tsakanin dala 400 da 600. An rage kuɗinsu ne ta wajen yin ƙota da roba maimakon katako, da barin goge ƙarfe har ya yi sheƙi. Hausawa na cewa araha ba ta ado, haka ne kuwa, amma ado ba ya ƙara wa harbi daidaito, su kuwa waɗannan suna harbi daidai yadda farautar barewa ke bukata.

Ta biyu ita ce mai liba, wadda a ke ɗura ta da wani hannun ƙarfe da ke ƙarƙashin kunama. Shahararriyarsu ita ce Winchester ta 1894, ƙirar John Browning, an yi fiye da miliyan 7 nata, sai Marlin 336 ta 1948. Gajeru ne marasa nauyi, masu daɗin ɗauka a cikin sarƙaƙiya, amma yanzu sababbinsu sun fi masu sakatar nan na araha tsada.

Ko wace iri ce, lalle mai saye ya ɗora ta a kafaɗa tun a kanti, sanye da riga mai kauri irin wadda zai sa ranar farauta, gama babban lokacin harbin barewa a jihohin arewa watan Nuwamba ne, lokacin sanyi. In ƙota ta yi masa tsawo ko ta gajarce, to, ba tasa ba ce.

Madubin saiti da rabon kuɗi

Barewa ta fi fitowa da asuba da kuma gab da magariba, sa'ad da haske ya yi ƙaranci. Nan ne amfanin madubi ke bayyana. Wanda a ka fi saye shi ne mai lamba 3-9x40, watau yana kusanto da abu ninki 3 har zuwa ninki 9, faɗin gilashinsa na gaba milimita 40. Madubin banza ya kan yi raɓa a ciki ranar sanyi, ko shuri ya gusad da saitinsa mai shi bai sani ba. Saboda haka rowa a wajen madubi da maɗauransa ta fi rowa a wajen bindiga cutarwa.

A ɗauka misali mutum yana da dala 900. In ya sa 450 a bindiga, 200 a madubi da maɗaurai, 150 a harsashi, watau kwali huɗu ko biyar masu ɗauke da 20 ko wanne, sauran 100 sun ishe shi maratayi, da kayan wanke bututu, da abin toshe kunne, da rigar nan mai launin lemo mai haske. Wanda ya kashe 900 ɗin a bindiga kaɗai zai shiga daji da abin da bai taɓa gwadawa ba.

Sayen ta hannu ma hanya ce, muddin an duba da kyau. A tabbata ba harsashi a ciki, a leƙa bututu a haske a ga ko tsatsa ta ci zanen, a duba bakinsa ko ya lotsa, a duba ƙota ko ta tsage, a gwada makullin kunama. In da hali a kai wa maƙerin bindiga ya gani kafin a biya.

Koyo, da haƙƙin dabba

Wurin da a ke nufa a jikin barewa shi ne zuciya da huhu, bayan ƙafar gaba kaɗan. Faɗinsa kimanin inci 8 ne, kwatancin ɗan faifai. In harsashi ya sami nan, dabba ba ta nisa. In ya sami ciki, ta kan gudu ta ɓuya ta daɗe tana wahala, wani lokaci ma ba a ganinta, nama ya lalace a banza. Wannan shi ne babban abin kunya ga maharbi.

Sai an gwada a kan san na ƙwarai. A kan fara daidaita madubi a kan yadi 100, bindiga tana bisa tebur. Sa'an nan a bar tebur a yi ta harbi a zaune, da durƙushe, da jingine da itace, yadda za a yi a daji. Nisan da mutum ke iya sa ko wane harbi cikin faifan nan shi ne iyakarsa, kada ya wuce shi ko da barewar ta ƙayatad da shi.

Ƙa'idodi huɗu

1. A ɗauki ko wace bindiga a kan akwai harsashi a cikinta.
2. Kada a nuna bakinta ga abin da ba a nufin harbi.
3. Yatsa ya nisanci kunama sai an saita an shirya.
4. A tabbata abin da za a harba, da abin da ke bayansa, gama harsashin .30-06 yana iya tafiyar fiye da mil 2.

Don kada maharbi ya ɗauki ɗan'uwansa dabba, jihohi da yawa sun tilasta sa rigar nan mai launin lemo. A Fensilbaniya doka ta ce launin ya kai murabba'in inci 250 a ka da ƙirji da baya, a haɗe.

Gargaɗi

Abin da ya halatta a Amurka ba lalle ne ya halatta a Nijeriya ba. Dokar Bindigogi ta 1959 ta kasa bindigogi gida uku, watau haramtattu, da na mallakar kai, da na toka masu ɗuri ta baki. A cikin haramtattu ta ambaci bindigogin soja masu faɗin milimita 7.62 da 9, da inci .300 da .303. Ana roƙon hakimai da malamansu, in wani ya zo musu da maganar sayen bindiga, su tura shi ofishin 'yan sanda ya ji abin da doka ta ce kafin ya ba da ko sisi.