Daga Saƙon POS Zuwa Yaren Asembila: Yadda Manyan Kwamfutoci Ke Ajiye Saƙonninsu

Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban mai POS a Nasarawan Doya ko a kasuwar Makarfi lokacin kakar rake ya san wannan yanayin. An sa kati, an danna lambar sirri, sai na'ura ta turo 'yar takarda da Turanci cewa ciniki bai yiwu ba. Mai katin da bai iya karanta ta ba yakan ɗauka kuɗinsa ne suka ƙare, ko ya ce a sake gwadawa sau biyu ko uku, alhali matsalar daga hanyar banki take.

Abin da banki ke turo wa na'urar a zahiri lamba ce. A ƙa'idar ISO 8583 da ake aika bayanan katin banki da ita, 51 na nufin kuɗin asusu bai kai ba, 55 na nufin an yi kuskuren lambar sirri, 91 kuma na nufin ba a samu bankin mai kati ko mahaɗar da ke tsakani ba. Jimlar Turancin da ke fitowa an ajiye ta ne a wani jeri na daban, lambar ce ke zaɓo ta. Da za a sauya jerin nan da na Hausa, lambobin ba za su canza ba.

Wannan dabara ta raba saƙo da manhaja ta girmi wayar salula nesa ba kusa ba. Wurin da aka fi ganin ta a fili shi ne manyan kwamfutocin da ake kira menfirem.

Mece ce menfirem?

Babbar kwamfuta ce da aka ƙera don ɗaukar hada-hada mai yawa a lokaci guda ba tare da tsayawa ba, irin ta manyan bankuna da kamfanonin jiragen sama da na inshora. Kamfanin IBM ya sanar da System/360 ranar 7 ga Afrilu, 1964, kuma zuriyarta ce ake ƙerawa har yau, kamar z16 da ta fito a 2022. Babbar manhajar da ta fi shahara a kanta ita ce z/OS. Da yawa daga manhajojin da ke aiki a kanta an rubuta su ne da COBOL, yaren da aka samar a 1959.

A cikin z/OS akwai wani ɓangare mai suna Language Environment, wanda manhajojin COBOL da PL/I da C da Fortran ke dogara da shi idan suna aiki. Kowane saƙo da ya fito daga nan yana da lamba mai kashi uku. Misali CEE3207S: haruffa ukun farko suna nuna daga inda saƙon ya fito, 3207 lambar saƙon ce, harafin ƙarshe kuma yana nuna girman matsalar. I sanarwa ce kawai, W gargaɗi, E kuskure, S kuskure mai tsanani, C kuma mafi muni. CEE3207S na fitowa ne idan manhaja ta je yin lissafi ta tarar da abin da ba adadi ba a gurbin adadi.

Mataki na ɗaya: a rubuta saƙon a fayil ɗinsa

Mai haɗa manhaja zai iya ƙirƙirar nasa saƙonnin a kan wannan tsari. Yana rubuta su ne a fayil na rubutu zalla, kowane layi da alamarsa a farko. Ga misalin saƙo na manhajar dillalan rake:

:facid.RKE
:msgno.51
:msgclass.E
:msg.Kudin asusu mai lamba
:ins 1.lambar asusu
:msg.bai kai ba.
:xpl.Abin da ake son cirewa ya fi abin da ke asusun.

Layin farko ya ba rukunin saƙonnin suna RKE, na biyu lambar saƙon, na uku girman matsalar. Layin :ins gurbi ne da aka bari, sai manhaja tana aiki za a cike shi da lambar asusun wanda abin ya shafa. Layin :xpl bayani ne don ma'aikacin da zai binciki matsalar. Idan saƙon ya fito, zai zo da lambar RKE0051E a gabansa.

Amfanin wannan fayil shi ne mai fassara zai iya aiki a kansa ko da bai san COBOL ba.

Mataki na biyu: a juya shi zuwa asembila

Kwamfuta ba ta karanta wancan fayil kai tsaye. Akwai wata ƙaramar manhaja mai suna CEEBLDTX, wadda aka rubuta da yaren REXX, yaren da Mike Cowlishaw na IBM ya ƙirƙira a 1979. Aikinta shi ne ta karanta fayil ɗin layi-layi, ta duba ko an bi ƙa'ida, sannan ta fitar da sabon fayil cikin yaren asembila.

Asembila shi ne yaren da ya fi kusa da abin da na'ura ke ganewa. A nan ba lissafi ake so ya yi ba, ajiya ake so. Umarnin da ake ajiye rubutu da shi shi ne DC, kamar haka:

DC C'bai kai ba.'

Dalilin zaɓen asembila shi ne yana ba da damar tsara bayanai bayit-bayit: tsawon kowane yanki na saƙo, inda ya fara, da inda gurbi yake. Mutum zai iya rubuta wannan da hannu, amma idan saƙonni suka kai ɗari biyar, kuskuren ƙirge ɗaya ya isa ya sa saƙo ya fito a yanke. Akwai kuma tarkon da ya shafi Hausa musamman. Alamar ' ita ce ke buɗe rubutu da rufe shi a asembila, don haka kalma irin na'ura sai an ninka alamar, a rubuta na''ura.

CEEBLDTX tana fitar da wasu ƙananan fayil kuma, na COBOL da PL/I da C da sauransu, masu ɗauke da gajeren sunan kowane saƙo. Ana samo sunan ne ta juya lambar saƙon zuwa ƙirge mai tushe 32. Shi ya sa ake kiran CEE3207 da CEE347, saboda 3 sau 1024, da 4 sau 32, da 7, sun ba da 3207.

Mataki na uku da na huɗu

Daga nan sai a miƙa fayil ɗin asembila ga High Level Assembler ya mayar da shi yaren na'ura, a ɗaure shi ya zama kundin da za a iya lodawa. Idan matsala ta faru, manhaja ba ta ɗauke da jimlar. Abin da take miƙawa wata shaida ce mai tsawon bayit 12, mai ɗauke da sunan rukuni da lamba da girman matsala. Hidimar CEEMSG ce ke nemo jimlar a kundin harshen da aka zaɓa, ta cike gurabe, ta nuna. IBM na ba da nasa saƙonnin da Turanci da Japananci, ana zaɓa ta saitin NATLANG.

Ƙa'ida ɗaya ba a karya ta: ba a gyara fayil ɗin asembila da hannu. Duk gyara a fayil na farko ake yi, a sake juyawa. Wanda ya gyara na biyu, aikinsa zai goge ranar da aka sake gudanar da CEEBLDTX.

Ina ƙugiyar "kuɗi" ta tafi?

A misalin sama an rubuta "Kudin" babu ƙugiya, kuma da gangan ne. Menfirem na amfani da tsarin haruffa na EBCDIC, kuma jadawalinsa da aka saba da su, irin 037 da 1047, gurbi 256 kawai gare su, babu ɓ, ɗ, ƙ ko ƴ a ciki. Haka "ƙasa" ke komawa "kasa", "ƙara" ta koma "kara". Tsarin Unicode da wayoyi ke amfani da shi yana da su duka: ƙ tana U+0199, ɓ tana U+0253, ɗ tana U+0257.

Yadda abin yake a Android

Matashin da ke haɗa manhajar Android yana bin wannan hanyar ko bai sani ba. Saƙonni na zaune a fayil ɗin res/values/strings.xml, na Hausa kuma a res/values-ha/strings.xml. Lokacin gina manhaja, AAPT2 ke juya su zuwa resources.arsc, a kuma samar da lambobinsu a ajin R, wanda shi ma ba a taɓa shi da hannu. Gurbin :ins 1 a nan shi ne %1$s, kuma lambar ce ke ba mai fassara damar sauya wa gurbi wuri idan tsarin jimlar Hausa ya bambanta da na Turanci. Tarkon alamar nan ma yana nan: sai an rubuta na\'ura, in ba haka ba ginin zai tsaya da kuskure. Tun daga Android 13 kuma, mai waya na iya zaɓar wa manhaja harshenta daban da na wayar, matuƙar mai haɗa ta ya tanadi hakan.

Wanda ya cusa jimlolin Turanci cikin lambobin manhajarsa, ranar da dillalan Ikara ko Kudan suka nemi ta Hausa sai ya bi fayil-fayil yana tsinta. Wanda ya ware su tun farko, fayil ɗaya zai miƙa wa mai fassara.

Aikin gida

Mai karatu ya rubuta saƙonni biyu na 55 da 91 da Hausa a tsarin misalin RKE, ya zaɓar wa kowanne harafin girman matsala. Sannan ya juya 51 zuwa tushe 32, inda A ke wakiltar 10, B 11, har zuwa V. Idan gajeren sunan ya fito RKE01J, lissafin ya yi daidai.