KAREN GADI DA TSARKIN GIDA



Shari'a ta yarda a riƙe kare don farauta, kiwo ko gadin gona, malamai da dama kuma sun yi ƙiyasin gadin gida a kai idan akwai buƙata. Amma mazauninsa waje ne, ba ɗakin da ake sallah ba. Fitsarinsa da kashinsa najasa ne a mazhabobi huɗu. Wanda karensa ke ɓata tabarma ko darduma, sallarsa ce fa ke cikin haɗari.

Maganin kuwa horo ne. Aya ta 4 a Suratul Ma'ida ta halatta abin da horarren kare ya kamo, ka ga ke nan kare yana ɗaukar karatu.

1. Ware masa wuri ɗaya can bayan gida.
2. Kai shi wurin da ya tashi barci, da kuma bayan ya ci abinci. Kwikwiyo ba ya iya riƙewa, sai ana yawan fitar da shi.
3. In ya yi a wurin, ba shi ɗan nama nan take.
4. In ya ɓata ciki, a wanke har wari ya tafi, don warin ne ke dawo da shi.
5. Babban karen da ya fara haka kwatsam, a kai shi wajen likitan dabbobi.

Kada ka doke shi. Duka laɓewa kawai yake koya masa. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Allah Ya gafarta wa wani mutum saboda ya shayar da kare mai jin ƙishi.

Allah Ya sa mu dace.