Darasi na 18: Mai ba da umurni da mai nuna iko

Ingilishi shi ne harshen gwamnati a Najeriya da Gana. Yaron Maraɗi da ya tafi kasuwar Jibiya ko ta Katsina yakan ji ana yin shi. Ga kalmomi shida na wannan harshe waɗanda suka shafi iko.

Huɗu daga cikinsu ba baƙi ba ne ga ɗan lakkwal. A shekara ta 1066 Giyom, basaraken Normandi ta ƙasar Faransa, ya ci Ingila da yaƙi. Daga nan sarakuna da alƙalan Ingila suka daɗe suna magana da Faransanci. Shi ya sa kalmomin mulki da yawa suka yi kama a harsunan biyu.

command: ba da umurni. Da Faransanci commander. Kumandan na zamanin Turawa danginta ne.
order: umurni. Da Faransanci ordre. Ita ce Hausawa suka mayar oda.
arrogant: mai girman kai. Rubutunta ɗaya ne da na Faransanci.
tyrant: azzalumin sarki. Da Faransanci tyran.
bossy: mai son sa mutane aiki alhali ba a naɗa shi ba.
bully: mai cin zalin wanda ya fi ƙarfi.

Biyun farko ba zagi ba ne. Uba yana ba ɗansa umurni, malam yana ba ƴan aji. Sauran huɗun kuwa suka ce. Boss na nufin maigidan aiki, amma bossy aibi ne. Harafi ɗaya ya raba su. Yaron da ya ce wa maigidansa bossy yana nufin boss, yana iya rasa aikinsa.

Shugaban aji da ya ce a share fili, ya kuma ɗauki tsintsiya, umurni ya ba da. Wanda ya zauna inuwa yana dukan ƙanana, bully ne. Ranar da suka haɗa kai, ikonsa ya ƙare. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi.

Tambayoyi
1. Mi ya faru a Ingila a shekara ta 1066?
2. Waɗanne kalmomi biyu ne ba zagi ba?
3. Mine ne bambancin boss da bossy?
4. Ku kwafe kalmomin shida cikin kaye, kowace da ma'anarta.