Tsufan Jirgin Ruwa: Darasi Daga Jirgin Rhosus

Jirgin ruwa na dakon kaya yakan yi shekara 25 zuwa 30 yana aiki kafin ƙarfinsa ya ƙare. Wannan maƙala za ta duba abin da ke tsofar da shi, da abin da kan sami ma'aikatansa idan mai shi ya guje shi, da kuma inda gangar jikinsa ke ƙarewa. Za a yi misali da jirgin Rhosus.

Me Ke Cin Jirgi?

Babban abokin gabar ƙarfe shi ne tsatsa, wadda ke samuwa idan ƙarfe ya haɗu da ruwa da iskar oksijin, gishirin teku kuwa yana ƙara mata sauri. Akwai kuma masu rai. A tankunan da ake cika wa ruwa don daidaita jirgi, wasu ƙwayoyin bakteriya da ke rayuwa ba tare da oksijin ba suna mayar da sinadarin salfet zuwa salfayid, wanda ke ƙwaƙule ramuka a jikin ƙarfe. Ta waje kuma, gansakuka da wasu ƙananan halittu masu ɓawo, dangin ƙaguwa, sukan manne wa ƙasan jirgi, su rage masa gudu, su ƙara masa shan mai. Idan kuɗin gyara ya doshi darajar jirgi, sai ya riƙa sauya hannu daga wannan ɗan kasuwa zuwa wancan, kowa na neman ya tatsi abin da ya saura.

Tafiyar Ƙarshe

An ƙera Rhosus a Japan a 1986. A watan Satumba na 2013, yana da shekara 27, ya tashi daga Batumi ta ƙasar Jojiya ɗauke da tan 2,750 na amoniyam naitiret, sinadarin da ake yin takin zamani da nakiya da shi, ya nufi Beira ta Mozambik. A watan Nuwamba ya ratse Beirut, babban birnin Lebanon, don ƙarin kaya. Da aka fara ɗora masa manyan injuna sai murafun rumbunsa suka lotsa. Hukumomi suka hana shi tashi saboda bashi da rashin lafiyar jirgi, mai shi kuma ya yi watsi da shi.

Wasu ma'aikatan sun samu komawa gida, amma kyaftin, ɗan Rasha, da wasu uku 'yan Yukren suka maƙale a ciki kusan shekara guda, babu albashi, abinci na ƙarewa, ga nakiya a ƙarƙashin ƙafarsu. A dokar teku, albashin ma'aikaci bashi ne a kan jirgin kansa, ana biyansa daga kuɗin jirgin idan kotu ta sayar da shi. Shi ya sa ma'aikata da yawa kan jure zama cikin jirgin da aka yasar. Su kuwa na Rhosus ko izinin sauka ba a ba su ba, har sai da kyaftin ya sayar da man jirgi ya ɗauki lauyoyi, kotu ta sallame su a 2014.

A shekarar aka kwashe kayan zuwa sito mai lamba 12. Jirgin, wanda ba mai zuƙe ruwan da ke shigarsa, ya nutse a tashar a Fabrairun 2018. Ranar 4 ga Agustan 2020 gobara ta kama siton, kayan suka fashe, mutum fiye da 200 suka rasu, dubbai suka jikkata.

Maƙabartar Jiragen Ruwa

Rhosus bai kai ga mahauta ba. Yawancin takwarorinsa kuwa ana sayar da su ne bisa nauyin ƙarfensu, a kai su gaɓar Alang a Indiya, ko Citagon a Bangaladash, ko Gadani a Pakistan. Idan ruwan teku ya cika sai a tuƙa jirgi ya kafe a tudu, leburori su yanyanka shi da wutar gas. Ƙarfen yana da amfani, amma tare da shi akwai asbesto mai lalata huhu, da dalma, da ragowar mai, da tsohon fenti mai sinadarin TBT. Wannan fenti, wanda aka yi don kashe halittun da ke manne wa jirgi, an gano yana sa matan dodon koɗin teku su fitar da gaɓoɓin maza, su kasa hayayyafa. Yarjejeniyar da ta haramta shi ta fara aiki a 2008.

Kammalawa

Tun daga 2017 dokar ƙwadago ta ma'aikatan teku ta wajabta inshorar da za ta biya albashin wata huɗu da kuɗin komawa gida ga wanda aka yasar. Yarjejeniyar Hong Kong kan wargaza jirage ba tare da cutar da mutane da muhalli ba, wadda aka amince da ita a 2009, ta fara aiki a Yunin 2025. Sai dai doka tana bukatar mai bin ta. Tsatsa da bakteriya ba sa jiran hukuncin kotu, kuma jirgin da mai shi ya guje shi, ma'aikatansa da mazauna gaɓar da ya tsaya su ke biyan bashinsa.